RAHOTON MUSAMMAN: Daga Rumuokoro zuwa Nnewi, neman fistin biyu na babur ɗin Udoji

A bayan ɗakin kawuna da ke Rumuokoro, cikin Ƙaramar Hukumar Obio/Akpor ta Jihar Ribas, akwai wani babur da ya shekara 16 jingine da bango ƙarƙashin tsohon tamfol. Honda ne ƙirar CD175, wanda ya saya sabo fil a 1975. Ranar da na isa gidan a hutuna na shekara, na tarar wani matashi ɗan gwangwan ya riga ni zuwa da sikelinsa. Ya ɗaga tamfol, ya ƙwanƙwasa tanki, ya yi tayin da bai kai kuɗin rabin buhun shinkafa ba.

'Ya'yan Kawu ba su ga laifin sallamawa ba. Mahaifinsu ya yanke shawarar tattara komatsansa ya koma Zariya bayan fiye da shekara 50 a Kudu, kuma a ganinsu babu hikima a biya kuɗin mota don a kai mataccen ƙarfe Arewa. Shi kuwa Kawu bai amsa tayin ba, bai kuma kori yaron ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne, da so samu ne ya ji kukan injin nan ko sau ɗaya kafin a ɗora shi a kan sikeli.

Wannan magana ce ta sa na kashe mako uku tsakanin Fatakwal, Anacha, Nnewi da Enugu, da silinda a cikin jaka, ina neman kayan da kamfanin da ya ƙera su ya daɗe da daina yi. Na dawo da kayan, na kuma dawo da fahimtar cewa a ƙasar nan kayan tsohon inji ba su ƙare ba tukuna. Waɗanda ke ƙarewa su ne mutanen da suka san inda kayan suke da yadda ake auna su.

Babur ɗin Udoji

Ma'aikacin tarayya na yau zai fi gane darajar babur ɗin idan ya san da wane kuɗi aka saye shi. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar duba tsarin aikin gwamnati ƙarƙashin Cif Jerome Udoji. Hukumar ta miƙa rahoto a 1974, aka amince da ƙarin albashi, aka kuma biya ariyas na watanni a dunƙule a farkon 1975. Manyan ma'aikata suka sayi motoci, ƙananan kuma, irin su Kawu da ke aikin akawu a wani ofishin tarayya a Fatakwal, suka nufi shagunan babura, rediyo da keken ɗinki. A wancan zamani Vespa da Honda su ne shaidar cewa saurayi ya kama aiki.

Kamfanin Honda ya ƙera CD175 daga 1967 zuwa 1979. Injinsa mai silinda biyu ne, girmansa cc 174, da kafireto guda ɗaya, giya huɗu, da wuta mai ƙarfin volt 6. Faɗin kowace silinda milimita 52 ne. Fistin ɗin biyu tare suke hawa tare suke sauka, abin da ke ba shi wannan kuka mai kauri da tsofaffi ke ganewa tun daga nesa. An yi shi ne don mai zuwa aiki kullum, shi ya sa aka rufe sarƙarsa ruf a cikin gida don kada ta ɓata wa mahayi wando.

Kawu ya hau shi shekara 33. Ya daina ne a farkon 2009, lokacin da dokar Gwamna Rotimi Amaechi ta hana acaɓa a Fatakwal, Obio/Akpor, Eleme da Oyigbo ta fara aiki. Dokar ta masu haya ce, amma dattijon ya ga ba zai iya tsayawa kullum a bakin titi yana rantsuwa cewa shi ba ɗan acaɓa ba ne. Ya jingine babur ɗin da niyyar sai ƙura ta lafa, daga nan kuma damina 16 ta Fatakwal ta bi ta kansa.

Abin da aka tarar a cikin injin

Kafin a nemi kaya sai an san ciwo. Matasan kanikawa uku da muka fara kira duk sun duba sun girgiza kai. Ƙwararru ne a kan Bajaj, keke-napep da janareto, amma babu wanda ya taɓa buɗe inji mai silinda biyu, babu kuma wanda ya taɓa saita filatinum, domin baburan da suka taso suka tarar duk na'urar lantarki ce ke raba musu wuta. A masallacin unguwa aka yi mana kwatancen wani dattijon bakanike, mutumin ƙasar Katsina, wanda ya bar gyaran babur ya koma gyaran injin markaɗe.

Dattijon bai taɓa guduma ba. Ya cire fulogi, ya zuba man gas a ramukan, ya ce a bar shi kwana huɗu. A rana ta biyar ya ɗora guntun katako a kan fistin yana bugawa a hankali har suka saki. Ya kuma hana yaran gidan taɓa sukurorin murfin injin da sukundireban da suka saba, domin sukurorin baburan Japan na wancan zamani suna da nasu tsarin yanka, wanda ya yi kama da na gama-gari amma ba ɗaya ba ne, kuma da zarar an matsa musu da bakin da bai dace ba sai kansu ya cinye.

Da aka baje injin a kan buhu, lissafi ya fito. Ruwa ya shiga silinda ɗaya ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe, tsatsa ta ci bangonta, ringi sun manne a jikin fistin. Kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul tana rufewa, ta zaizaye tare da mazauninta. A wannan injin sandar tana juyawa ne kai tsaye a kan alminiyam ba tare da boris ba, saboda haka duk ranar da baƙin mai ya yi datti ko ya yi ƙasa, nan ne ke fara ci. Sai taimin cen da ya saki, filatinum da kwandensa da suka mutu, da gasket da robobin tare mai waɗanda suka bushe. Karanshaf da giya kuwa lafiyarsu ƙalau, abin da ya sa dattijon ya ce aikin zai yiwu.

Ina tsofaffin baburan suka tafi?

Tambayar da na fara yi wa kaina ita ce, babur ɗin da ya cika titunan ƙasar nan a shekarun 1970 da 1980, yaya aka yi ya ɓace haka? Dalilai uku ne suka haɗu.

Na farko shi ne arahar sabo. Daga ƙarshen shekarun 1980 'yan kasuwar Nnewi, cikinsu har da Innocent Chukwuma wanda daga baya ya kafa kamfanin motoci na Innoson, suka fara shigo da babura a wargaje cikin kwantena suna haɗa su a gida. Farashi ya faɗi, baburan China da na Indiya suka mamaye kasuwa, har ta kai gyaran tsohon ɗan Japan ya fi sayen sabo ciwon kai.

Na biyu shi ne dokokin hana acaɓa. Abuja ta hana a tsakiyar birni a 2006 zamanin Malam Nasiru El-Rufai yana minista, Fatakwal ta biyo baya a 2009, Enugu ta hana a zamanin Gwamna Sullivan Chime, Kano a Janairun 2013, sannan Anacha da Awka a Yulin 2018 ƙarƙashin Gwamna Willie Obiano. Duk garin da aka hana, masu sayar da kayan babur sukan juya zuwa kayan keke-napep, kanikawa su bi su, ragowar tsohon kaya kuma a tura shi can ƙuryar sito.

Na uku shi ne sikeli. Kamfanonin narka ƙarfe suna saye da nauyi, kuma a wurin mai awo babu bambanci tsakanin kan injin da babu irinsa a kasuwa da fasasshiyar tukunya, duka alminiyam ne. Galibin masu wannan sana'a ta gwangwan a biranen Kudu 'yan Arewa ne. Ta hannunsu tsofaffin baburan ke bi zuwa wuta, kuma kamar yadda na gani daga baya, a hannunsu ake iya ceto abin da ya rage.

Ikoku da kuskuren farko

Kasuwar Ikoku da ke yankin Diobu ita ce matattarar kayan gyara a Fatakwal, amma ƙarfinta a kayan mota yake. Duk da haka a can na sami sauƙin farko. Boris da robobin tare mai ba su san sunan babur ba, lamba suka sani. A jikin kowane boris akwai lambarsa ta duniya, a jikin kowace roba kuma an rubuta faɗin ciki, faɗin waje da kauri. Wanda ya je da tsohon a hannu ya karanta lambar, zai samu ko a shagon kayan injin ban ruwa.

A kan ringi ne na yi asara, kuma laifina ne. Na tambayi ringi na milimita 52, aka miƙo mini na ƙananan baburan nan masu cc 110 da ake kira roba-roba, waɗanda faɗin silindarsu milimita 52.4 ne. A ido babu bambanci, na biya na taho ina murna. Dattijon bakanike ya karɓa, ya gwada ɗaya a ramin fistin, ya ajiye, ya tambaye ni ko na taɓa ganin an ɗinka wa mutum riga ba a auna shi ba. Daga nan ya yi mini karatun da ya kamata in nema tun farko.

Silindar da tsatsa ta ci ba a mayar mata da fistin irin na asali. Sai an faɗaɗa raminta an goge, abin da kanikawa ke kira borin, sannan a sa fistin da ya ɗara na farko. Honda ta yi irin waɗannan fistin hawa huɗu, masu ƙarin milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00, kuma akan buga lambar a saman kowanne. Ƙa'idar ita ce a fara samun fistin, sannan a yanka silinda daidai da shi. Wanda ya fara yanka kafin ya samu, ya sayi igiya ne babu akuya.

Anacha da Obosi

Daga tashar Rumuokoro na hau motar Anacha ta hanyar Owerri. Na zaɓi ranar Talata da gangan, domin a lokacin, zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Agustan 2021 ya sauya lissafin duk mai zuwa kasuwa a Kudu maso Gabas. Kawu ya haɗa ni da wani abokinsa mai sayar da albasa, wanda ya sauke ni a kusa da babban masallacin da ke titin Bida. Masauki da abinci ba su zama matsala ba, kuma kafin gari ya waye an riga an buga waya uku a kaina.

A nan na ga yadda zaman Hausawa a waɗannan garuruwa yake aiki. Mai albasa bai san fistin ba, amma ya san direban da ke kawo masa kaya, direban ya san Ibon da yake sayen kayan gyara a wurinsa shekara da shekaru, shi kuma Ibon ya san wanda ya yi wa yaron shago tun yana ƙarami. Kowane ɗayansu yana miƙa ka ga na gaba da sunan wanda ya aiko ka, kuma wannan sunan ya fi kuɗin da ke aljihunka buɗe ƙofa.

Haka aka kai ni Mgbuka da ke Obosi, kasuwar tsofaffin kayan da ake kwancewa daga injuna da motocin da aka shigo da su. A can kayan da aka yi amfani da su a Turai ana ce musu Beljiyam, kamar yadda a Legas ake cewa tokunbo. Layi bayan layi injunan mota ne jibge kamar duwatsu. Na sami kwandensa da ta dace da kuma filatinum da za a iya gyara wa mazauni, amma da na fito da silinda mai rami biyu, sai duk wanda ya gani ya nuna mini hanya ɗaya, wato Nnewi.

Nkwo Nnewi

Nnewi ba ta da nisa daga Anacha, ana ratsewa ne ta Oba. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, 'yan asalin garin da suka rasa dukiyoyinsu a wasu sassan ƙasar suka koma gida suka zuba abin da ya rage musu a cinikin kayan gyara. Kasuwar Nkwo ta zama cibiyar kayan babur ta ƙasar nan, har dillalai daga Kano, Sakkwato da maƙwabtan ƙasashe suna saro kaya a can. Tsarin da ya riƙe kasuwar shi ne na yaron shago, wanda Ibo ke kira igba boi, inda yaro zai yi wa ubangida hidima na shekaru, a ƙarshe a sallame shi da jari.

Wannan tsari ne ya taimake ni. Matasan da ke gaban shaguna suna sayar da kayan Bajaj, TVS da baburan China, kuma ko sunan CD175 wasunsu ba su taɓa ji ba. Amma kowannensu yana da ubangida, ubangidan ma yana da nasa. A hawa na uku na wannan silsila aka kai ni wurin wani dattijo da ya daina zama a shago. Ya karɓi silindar, ya juya ta, ya faɗi sunan babur ɗin ba tare da na gaya masa ba, sannan ya aiki jikansa da makulli.

Daga wani sito mai ƙura aka fito da kwali mai ɗauke da fistin biyu masu ƙarin 0.50, da ringinsu, da taimin cen, duk a cikin ledar kamfani da ta yi ja saboda daɗewa. Dattijon ya nuna mini yadda ake karanta lambar Honda, wadda ke zuwa kashi uku. Kashin farko mai lamba biyar yana faɗin ko wane kaya ne, na tsakiya mai lamba uku yana nuna ƙirar da aka fara yi wa kayan, na ƙarshe kuma yana nuna sauyin da aka yi masa. Amfanin sanin wannan shi ne, kaya ɗaya yakan shiga babura da dama, kuma CD175 yana tarayya a abubuwa da yawa da ɗan'uwansa CB175. Kamshaf ce kawai ba shi da ita. Game da borin kuwa, ya ce kada in ba kowa sai wani tsohon abokin cinikinsa a Enugu.

Enugu: inda ake yin abin da babu

Enugu da Fatakwal tagwaye ne a tarihi. An gano kwal a yankin Enugu a 1909, aka kafa Fatakwal don fitar da shi ta ruwa, layin dogo ya haɗa su a 1916. Hausawa sun daɗe a garin, har Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950. Unguwar Coal Camp, wadda aka gina wa ma'aikatan haƙar kwal, ita ce yau matattarar masu kayan gyara, masu walda da masu injin sassaƙar ƙarfe.

Mutumin da aka aike ni wurinsa ya auna kowane fistin dabam, ya rubuta a takarda, ya yi wa kowanne alama da ramin da zai shiga. Ya bayyana mini cewa tazarar da ake bari tsakanin fistin da bango ba ta kai kaurin gashin kai ba. Idan ta yi kaɗan, fistin zai kumbura da zafi ya kama. Idan ta yi yawa, injin zai riƙa ƙara yana shan baƙin mai yana hayaƙi. Bayan ya yanka ya goge, sai ya saka kowane ringi a ramin shi kaɗai ya auna ratar bakinsa. Aikin ya ci wuni guda.

A layin nan aka yanka mini gasket na murfi daga takardar gasket, ana ɗora ta a kan ƙarfen ana bi da ƙaramar guduma har siffar ta fito. Na kan silinda, wanda wuta ke duka, takarda ba ta yi masa, sai aka yanka shi daga fallen jan ƙarfe aka gasa shi don ya yi laushi ya kwanta. Abin da kasuwa ta rasa, hannu ya yi shi. Sai dai a shagon, wanda ya fi kowa ƙuruciya a cikin masu taɓa injin ya haura shekara 50.

Abin nema a bayan gida

Na koma Rumuokoro ba kamshaf. Akwai hanyar waje, domin kamfanoni irin su CMS a ƙasar Holan da David Silver Spares a Ingila sun shahara wajen tara kayan tsofaffin baburan Honda, ana kuma ƙera wasu sabbi a Tailan da Taiwan, sannan Pakistan ma ƙasa ce da wannan babur ya yi farin jini. Amma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, duk abin da za a biya da yuro ko fam, a ƙara kuɗin jirgi da na kwastan, ya fi ƙarfin ɗan fansho da ɗan'uwansa ɗan jarida.

Wanda ya warware matsalar shi ne yaron nan ɗan gwangwan da ya fara taya babur ɗin. Da ya ga da gaske muke, sai ya ɗauki hoton kan injin a wayarsa ya tura wa abokan sana'arsa ta WhatsApp, daga Oyigbo har Aba. Bayan kwana biyu aka kira shi daga wani filin tara ƙarafa da bai fi tafiyar minti 20 daga gidan Kawu ba. A ƙarƙashin tarin tukwane da firam ɗin tagogi akwai rabin injin CD175, an ware shi cikin alminiyam ɗin da za a loda a ƙarshen mako. Silindarsa ta fashe, amma kamshaf da mazauninta garau suke. Mai filin ya ce in biya kuɗin nauyi kawai in ƙara wa yaran na shayi. Na nemi ya rubuta mini rasit da lambar injin, ya rubuta.

Ga mai niyyar irin wannan aiki

Akwai ma'aikata da dama a Abuja da suka gaji irin wannan babur, ko Vespa, ko tsohuwar Peugeot, a gidajensu na gado. Ga abin da tafiyar ta koya mini.

A fara neman tsohon bakanike kafin a nemi kaya, domin shi ne zai faɗi abin da ya mutu da abin da wanki kawai yake so. Kada a yar da komai, ko da ya lalace, domin tsohon shi ne samfurin da za a je da shi kasuwa. A rubuta lambar inji da ta firam, a ɗauki hoton kowane mataki na kwancewa. A sayi kaya da awo, kada a saya da ido. Fulogi ma yana da tarko. Wanda ya dace da CD175 gajeren zare gare shi, na injin CG125 da ire-irensa da suka cika kasuwa kuwa dogo ne, kuma idan aka ɗaura dogon a mazaunin gajere yana iya taɓa fistin. Haka nan batir da ƙwan fitila na volt 12 ba na wannan babur ba ne.

A nemi rasit a kan duk abin da aka saya a hannun 'yan gwangwan ko a Panteka, musamman inji mai lamba. Mazauna Abuja sun ga yadda a Janairun 2025 hukumar birnin ta hana jari-bola ta kuma dakatar da kasuwannin Panteka na ɗan lokaci saboda satar kayan gwamnati. Mai gaskiya ma yana bukatar takarda a shingen bincike. Sannan kafin a yi nisa, a leƙa Zuba da Apo, da tsohuwar Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, a tambayi wanda ya fi kowa daɗewa a layin. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ranar da injin ya tashi

Haɗawa ta ɗauki dattijon bakanike kwana uku. Ya wanke matatar mai da ke bakin karanshaf, wadda ya ce rashin wanke ta ne ya kashe yawancin irin waɗannan injuna. Ya saita bawul da siririn ma'auni, ya saita filatinum da ƙwan fitila da waya biyu, yana juya injin da hannu har alamar ta zo daidai. Yaran unguwa sun kewaye shi suna kallo, amma da na tambaye shi ko akwai wanda yake koya wa, sai ya ce yaran yanzu sauya kaya suke so su koya, domin shi ke kawo kuɗi a yini.

Bayan sallar La'asar ta wata Alhamis aka zuba fetur. Bugu na farko da na biyu shiru. A na biyar ya yi tari, a na bakwai ya kama, hayaƙin man da aka shafa wa ringi ya turnuƙe tsakar gidan, sannan ya washe. Kawu yana zaune a kan tabarma, bai tashi ba. Ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya ce wa bakaniken silo ya ɗan yi sama, a rage. Aka rage, ya gyaɗa kai.

An loda babur ɗin a motar da ta kawo albasa za ta koma Arewa, an ɗaure shi tsakanin buhunan da babu komai, takardunsa na 1975 da rasit ɗin mai gwangwan suna aljihun Kawu. Ragowar rabin injin nan ma bai bari a baya ba, ya sa an naɗe shi a buhu. Ya ce a Tudun Wada ta Zariya akwai wani abokinsa da ya sayi irin babur ɗin a wata ɗaya da shi, kuma ya ji labarin nasa ma yana jingine.